Ɗalibin Azhar da ya zaga da mu Alƙahira

Alhamis da la'asar likita ya gama duba idon Baffa, ya ɗiga masa magani, ya ce aikin cire yanar sai Lahadi. Har na fara zargin ko so ake a ƙara mana kwanakin haya, sai na tuna a Masar Juma'a da Asabar ne ranakun hutu, Lahadi kowa ke komawa bakin aiki. Haka kwana biyu cur suka faɗo mana a hannu, a watan Disamba, cikin garin da ban san gabas da yammarsa ba, ga tsohon da ya ba saba'in baya, wanda tun a jirgi yake lissafa mini malaman da ke kwance a ƙasar.

Wanda ya cece mu shi ne yaron da ya tarbe mu a filin jirgi. Ba kamfani ba ne, ba shi da ofis ko takardar talla. Ɗalibi ne ɗan Gusau a shekara ta uku a Kulliyyar Shari'a ta Azhar, shekararsa biyar a ƙasar, lambarsa kuma a wurin wani abokin aikina na samo. Irinsu suna da yawa: su ɗauko ka daga filin jirgi, su nema maka gidan haya a unguwar Madinat Nasar, su yi maka tafinta a asibiti, in kana so su zaga da kai gari. Wannan hidima ta ƙarshe ce nake so in faɗi yadda na same ta, don na san duk wata akwai mutanenmu da ke sauka Alƙahira neman magani ko sarin kaya, kuma hannun waɗannan yara suke faɗawa. Ustaz nake ce masa, shi yana ce mini Yaya. Baffa kuwa daga ranar farko ya raɗa masa "ɗan malam".

Tun daren Alhamis na tambaye shi nawa zai karɓa na kwana biyun. Ya sunkuyar da kai. "Haba Yaya, ai ba komai. Duk abin da Allah ya hore." Na sake tambaya, ya sake kaucewa. Na bar zancen, kuma wannan shi ne kuskurena na farko. Zan dawo kansa.

Ranar Juma'a ƙarfe shida da rabi yana bakin ƙofa, da ledar gurasa mai zafi, da ful, wato dafaffen wake da aka dama da mai, da ta'amiyya, wadda ƙosai ce sak, sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da ake niƙawa tare da waken. Ya ce mu ci a mota. Dabararsa ita ce safiyar Juma'a kaɗai titunan Alƙahira ke numfashi, don haka mu tsallaka kogi mu ga dalar Giza mu dawo kafin a hau mumbari. Ya yi gaskiya. Titin da jiya muka shafe fiye da awa a kansa, ranar wayam yake, sai masu shara da karnuka.

A ƙofar shiga na fara gane amfaninsa. Ba a karɓar tsabar kuɗi a wurin sayen tikiti, sai kati, katin bankina na gida kuma ya ce bai san zance ba. Ustaz ya zaro nasa na bankin Masar ya biya, ni na ba shi a hannu. Baƙo yana biyan ninki-ba-ninki na abin da ɗan ƙasa ke biya, ɗalibi mai katin makaranta kuma ana yi masa rangwame, don haka kuɗin shigarsa bai yi mana nauyi ba. Kafin mu taka ciki ya tsayar da mu ya yi mana huɗuba: kada ku karɓi komai da aka ce kyauta ne, kada ku miƙa wa kowa waya ya ɗauke ku hoto, kalma biyu kawai za ku riƙe, "La, shukuran," wato "A'a, na gode." Ba mu yi taku hamsin ba wani mai raƙumi ya yafa wa Baffa ƙyalle a ka yana "Ya Hagg, hadiyya, hadiyya!" Baffa, da yake mutumin kirki ne, har ya fara sa masa albarka. Ustaz ya cire ƙyallen ya mayar wa mai shi, ya zuba masa wani Larabci mai sauri da ban tsinci ko kalma ɗaya ba. Mutumin ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa ya juya wurin wasu Turawa. Daga baya ya ce mana hawan raƙumin da arha yake, saukar ce ake ciniki, kana can sama.

Dalar kanta, hoto ba ya faɗin gaskiyarta. Baffa ya matsa jikin babbar, ya dafa dutse guda da ya kai masa ƙirji, ya ɗaga kai da idonsa mai lafiyar har hularsa ta zame. Ya ce, "Ɗan malam, wa ya gina wannan?" Ustaz ya ce Fir'auna. "Wanne daga ciki?" Nan aka yi shiru. Sai ni na lalubo a waya: sarki Khufu, kimanin shekara 4,500 da suka wuce, tsayinta na asali mita 146, duwatsun sun haura miliyan biyu. Game da Abul Haul, mutum-mutumin nan mai jikin zaki da kan mutum, abin da Ustaz ya sani bai wuce sunansa da inda ake tsayawa hoto ya yi kyau ba. Na ɗauka kunya ce ta hana shi magana gaban babban malami. Ashe iyakar gonarsa ke nan.

Ƙarfe goma ya ce mu juya. Na so in ƙara rabin awa, ya ƙi, kuma da na yi gardama da a kan titi za mu yi salla. Mun shiga Azhar ana ta cika, muka samu wuri a farfajiyar nan ta farin marmara, sanyin dutsen yana ratsa darduma. A nan yaron ya zama wani mutum dabam. Kafin a kira salla ya nuna wa Baffa hasumiyar Sarki Ghuri mai kai biyu, ya faɗa masa Jauhar, kwamandan Faɗimiyawa, ya aza harsashin masallacin a 970, aka yi Juma'ar farko a 972, cikin Ramadan. Ya bayyana yadda a da ɗalibai ke zama rukuni-rukuni, kowace nahiya da ruwaƙinta, wato ɓangaren da mutanenta ke kwana suna karɓar gurasa daga waƙafi, kuma har mutanen Barno suna da nasu mai sunansu. Baffa ya sa ya maimaita wannan sau biyu. Bayan salla ya ja mu ta wata ƙofa muka leƙa inda har yanzu shehunai ke jingina da ginshiƙi ɗalibai su kewaye su, kamar dai zauren Baffa a Zariya, illa nan rufin ya fi tsayi. Babu abin da Baffa ya tambaya a masallacin nan da bai samu amsa ba, da shekara da sunan mai gini.

Wani abin dariya ya faru a bakin ƙofa. Baffa ya ga mai matse ruwan rake, ya ce shi zai yi cinikin da kansa, tunda shekara hamsin yana karantar da Larabci. Ya gyara murya ya nemi kofi uku da irin Larabcin littafi, kowace kalma da wasalinta na ƙarshe. Mai raken ya saurara har ya gama, ya ɗaga hannu sama ya ce, "Sadaƙallahul azim." Jama'ar wurin suka fashe. Baffa ma ya yi dariya har da hawaye, amma daga nan bai ƙara cewa uffan ga ɗan kasuwa ba. Larabcin titin Alƙahira wani abu ne dabam: jim ta koma ga, ƙaf ta ɓace gaba ɗaya, shi ya sa kuɗinsu da littafi ya ce junaihi su gine suke cewa. Wanda ya ce zai dogara da Larabcin Islamiyya ya yi yawo shi kaɗai, za a gane shi, amma shi ba zai gane amsar ba.

Abincin rana koshari ne, a wani shago mai hawa biyu da babu komai a cikinsa sai shi. Shinkafa ce da taliya da adas, wato wani ƙaramin wake, da wani waken mai kama da gurjiya, a kwarara miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa, ga ruwan tafarnuwa da na barkono a kwalba ka zuba da kanka. Ɗan'uwan garau-garau ne da ya yi karatu a waje. Ba nama, ba tsada, kuma yana riƙe ciki har dare. Abin shan da suka kawo da sunan karkade, Baffa ya kurɓa ya ce, "Kai, zoɓo ne."

Daga nan muka bi titin Mu'izz, wanda ya miƙe daga Babul Futuh zuwa Bab Zuwaila, gine-ginen sarakunan Mamluk na kallon juna dama da hagu. Inda Ustaz ya burge ni shi ne ginin Sarki Ƙalawun na shekarun 1284 zuwa 1285. Ya san abin da ya kawo mu ƙasar, sai ya kai Baffa ɓangaren da a da asibiti ne, ya ce masa a nan ana duba masu ciwon ido tun shekara ɗari bakwai, kuma har yau akwai asibitin ido a harabar. Baffa, wanda tun Alhamis yake ɓoye fargabar wuƙar likita, ya daɗe a tsaye a wurin. Irin wannan ba a allon bango ake karanta shi ba, sai wanda ya kula da mutumin da yake ja.

Kasuwar Khan Khalili kuwa na shige ta da kunne a toshe. Fitilu, carbi, turare, kwanukan tagulla, kowa na kira. Wasu samari suka jefo mana "ya samara", kalmar da suke kiran baƙar fata da ita. Ustaz bai ko waiga ba, ya ce in ka tsaya amsa kowa ba za ka kai gida ba. A ciniki ya iya aikinsa. Carbin da aka yi wa Baffa kuɗi, ya taya kashi ɗaya cikin uku, ya juya kamar zai tafi, aka kira mu, aka daidaita ƙasa da rabi.

Amma a nan ne kuma na ga abin da bai yi mini daɗi ba. Da magariba ta kusa, ƙafar Baffa ta fara ja, sai Ustaz ya ce akwai wani mai turare "mutumin kirki", mu ɗan huta a wurinsa. Aka zaunar da mu a kan kujeru masu laushi, aka kawo shayi da na'ana'a, aka yi ta shafa mana turare a bayan hannu har hancina ya daina bambancewa. Minti arba'in. Bayan ka sha shayin mutum kana iya fita hannu rabbana? Na sayi kwalba biyu. Abin lura, a shagon nan kaɗai Ustaz bai taya mini ko sisi ba, waya ya duƙufa yana dannawa. Washegari na ga irin kwalbar a wani kanti kusa da masaukinmu da kuɗin da bai kai rabi ba. Ba na rantsuwa cewa ana ba shi la'ada. Amma in ana ba shi, ban ga laifinsa kamar yadda na ga nawa ba: yaron da ya ƙi faɗin kuɗin aikinsa, haya kuma tana jiransa ƙarshen wata, dole ya nemi inda zai fanshe.

Daren nan sai da na gasa wa Baffa ƙafa da ruwan zafi. Tsarin Ustaz na mai shekara ashirin da biyar ne, ba ya tuna cewa akwai gwiwa a duniya.

Asabar ya ce ƙarfe takwas, ya zo tara da rabi, da uzurin motar haya. Wannan karon Baffa ne ya karɓi ragama. Ya ce ba Fir'auna ya kawo shi ba, a fara da malamai. Muka nufi Ƙarafa, tsohuwar maƙabartar da rayayyu ke zaune cikinta tare da matattu, ga shanya a jikin kabari, ga yara na ƙwallo. Sabbin gadoji sun rikita direban tasi, Ustaz ne ya yi ta nuna masa lungu. A hubbaren Imamu Shafi'i, wanda ya rasu a 204 bayan Hijira, ya sa muka ja da baya muka ɗaga kai: a ƙololuwar ƙubbar da Sarki Kamil ya gina a 1211 akwai ɗan kwale-kwalen ƙarfe. Da ni kaɗai ne da ban gan shi ba. Daga nan sai wajen Sayyida A'isha, inda kabarin Jalaluddin Suyuɗi yake, ɗan gini ne da za ka wuce ba ka sani ba. Baffa, da yake duk azumi Jalalaini, tafsirin da Suyuɗi ke cikin mawallafansa biyu, yake ja a masallacin unguwa, ya zauna a ƙasa ya yi addu'a mai tsawo. Da ya tashi, shi ya karantar da mu: wannan bawan Allah da ya rasu a 1505 ya taɓa rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasarmu, har da na Katsina da na Agadas. Ustaz ya ciro ɗan littafi ya rubuta. Wannan halin nasa na so, ba ya jin nauyin koyo a gaban wanda ya ɗauke shi aiki.

Ganuwar Salahuddin, da aka fara a 1176, mun hau ta a gurguje. Masallacin Muhammad Ali da ke samanta kyakkyawa ne, ana hango gari duka daga can, amma hawan ya ci ƙarfin tsoho, ban ga ribar da ta kai wahalar ba. Da na sani da mun zarce masallacin Sultan Hasan da ke ƙasa. An gina shi tsakanin 1356 da 1363, da makarantu huɗu na mazhabobi huɗu a kusurwoyinsa. Ka bi wani dogon soro mai duhu, kwatsam ka faɗo fili, ga bakuna huɗu masu tsayin da wuya ke ƙagewa, sarƙoƙin fitilu na reto daga sama. Babu mutane sosai. Baffa ya ce, "Ɗan malam, ja mana aya." Yaron ya tsaya a ƙarƙashin babban bakan ya karanta ƙarshen Suratul Hashri ba tare da ɗaga murya ba, ginin ya ɗauki sautin ya zagaya da shi ya dawo mana. Wani mai gadi da ke gyangyaɗi ya miƙe zaune. Ko don wannan minti ukun kaɗai, kuɗin da na kashe a kwana biyun sun fita.

Ni ne na matsa a je ganin gawar Fir'auna, don na san ita za a fara tambayata a gida. Gawarwakin ba sa tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir yanzu. A watan Afrilun 2021 aka kwashe 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, zuwa sabon gidan tarihi na Fusɗaɗ, ba nisa da masallacin Amru bin As. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, duhu-duhu, ba a ɗaukar hoto, ba a hayaniya. Ramsis na biyu yana kwance cikin gilashi, hanci a lanƙwashe, sauran gashi a ƙeya, farce a yatsu. Ustaz ya raɗa mana, "Ga shi nan, shi ne na Annabi Musa." Baffa ya kanga ido da hannu ya leƙa allon. "Ina aka rubuta?" Ba a rubuta ba. Can gaba ga ɗansa Marnabtah, wanda wasu ke cewa shi ne. Da muka fito Baffa ya kama kunnen yaron da wasa ya ce, "Kai mai karatun hadisi, abin da ba ka da isnadinsa ka ce an ce."

Kwale-kwalen Nilu da magariba ni kaɗai na shiga, rabin awa, sanyi ya hana ni jin daɗi. Baffa ya ce ya ga ruwa a Shika, ya zauna bakin kogi yana cin gasasshen dankali da aka saya wurin mai kura.

Abin da ban sa a lissafi ba, kuma ya fi komai, shi ne daren. Ustaz ya ce abokan zamansa sun yi girki, ba za su yafe ba in Malam bai zo ba. Gidan yana Hayyul Ashir, unguwar da 'yan Afirka suka yi yawa, hawa na huɗu, ba na'urar hawa. Su bakwai a ɗaki uku: 'yan Najeriya huɗu, ɗan Maraɗi, ɗan zangon Kumasi, da wani ɗan Garwa mai Hausa da gardin Fulatanci. Tuwon shinkafa miyar kuka, daddawar daga gida aka aiko, yajin kuma har da rigima kan na wa ya fi. Bayan kwana biyar ina cin gurasa, na ci har na ji kunya. Aka ɗora shayi, hira ta ɓalle kan tsadar haya, da layin sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, da wanda aka yi wa baiko yana nan bai ga yarinyar ba sai a waya. Sai ɗan Maraɗin ya kawo wata mas'ala ta gado da ta shige musu duhu. Tsohon da ɗazu nake riƙe da hannunsa a matakala ya gyara zama, ya ce a ba shi takarda. Sha ɗaya ta wuce muna nan.

A kicin na keɓe ɗan Kumasin na tambaye shi gaskiyar abin da ake ba su. Shi bai yi kwana-kwana ba, ya faɗi abin da aka saba na yini guda, da dalar Amurka, ban da mota da abinci da tikiti. Ya ƙara da cewa akwai waɗanda ake wuni da su a ƙafa, a rabu da "Allah ya yi albarka" kawai. Na ninka na kwana biyu, na ɗora wani abu, na sa a ambulan. Ustaz ya ƙi sau biyu, a na uku Baffa ya daka masa tsawa ya karɓa.

Wanda zai je, in masallatai da malamai da kasuwa ne gabansa, ya ɗauki ɗalibin Azhar ba tare da shakka ba. Harshensu da sanin lungu da amanarsu sun fi abin da za ka biya. Sai dai ka yanke kuɗin tun kafin ku fita, ka rubuta masa a WhatsApp, in ya ƙi faɗa kai ka faɗa. Ka ce masa shagon da ba ka nema ba kada a kai ka. In da tsoho a tafiyar, wuri uku a yini ya isa, kai za ka ja burki don shi ba zai ja ba. Ɓangaren Fir'aunoni kuwa akwai masu jagora na hukuma da ke da lasisi, su suka karanci abin, ɗauki ɗaya na awa biyu, Ustaz ya tsaya a matsayin ɗan rakiya.

Aikin idon ya yi kyau, ranar Lahadi yaron yana ƙofar ɗakin tiyata tun bakwai, wannan karon bai makara ba. Ranar da za mu taso ya zo da wani kwali ɗaure da igiya, ya ce ɗan saƙo ne, littattafai kaɗan, wani zai zo daga Gusau ya karɓa. A ma'aunin filin jirgi ɗan saƙon ya tashi kilo tara. Kwalaben turaren nan biyu da takalmina guda a jakar hannu suka ƙarasa Kano.